Kowa da Halinsa a Layin Rajista

Da zarar jami'o'i sun saki sunaye, motocin Karaye da Rogo kan cika da sababbin ɗalibai. Wasu su bi ta Gwarzo su sauka a ƙofar sabon matsugunin Jami'ar Bayero, wasu su zarce Wudil, 'yan Rogo kuwa Zariya ta fi musu kusa. Ƙa'idar hukumar jami'o'i ta NUC kan rajistar kwasa-kwasai a fili take: kada a gaza yunit 15 a zango ɗaya, kada a haura 24. Yunit guda awa ɗaya ce ta lacca duk mako, in ɗakin gwaji ne awa uku. A tsakanin 15 da 24 ɗin nan ake gane halin kowa.

Akwai Sarkin Zari. Shi ya zo na ɗaya a sakandare, unguwa ta fara kiransa "Dokta" tun bai ga allon jami'a ba. Kwasa-kwasan dole ba su ishe shi ba, sai ya yayibo na zaɓi har ya cike 24 cif, yana ma tambaya ko ana yin ƙari. Mako shida a tsakani za ka same shi a bayan aji, ido ja wur, yana kofe jingar wani. In ka ce, "Dokta, ya karatu?" sai ya ce, "Sai addu'a."

Na gefensa Ɗan Aike ne. Ya miƙa wa yaron kafe lambarsa ya tafi cin gurasa. Sai ranar jarrabawa ya tarar sunansa yana kwas ɗin da bai taɓa shiga ba, wanda ya sha wahalarsa kuma babu shi a ciki. Zuwa da kai dai ya fi aike.

Mai Bin Ayari kuwa duk abin da abokinsa na Karaye ya cike shi yake cikewa, alhali sashensu ba ɗaya ba ne.

Wanda na fi tausaya wa shi ne Ɗan Gida. Ba malalaci ba ne, hasali ma ya fi kowa aiki. Da jadawali a hannu yake rajista: duk laccar da ta faɗo Juma'a ko safiyar Litinin abokiyar gabarsa ce, don akwai masara a gona, ga rake, ga Baffa na kira a waya: "Kai Ɗanjuma, boko bai hana noma ba." Sai dai a aji ɗaya yawancin kwasa-kwasai na dole ne, ba a cinikinsu. Malami na ɗaukar suna, wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 ba ana iya hana shi zama jarrabawa. Bawan Allah yunit 18 ya rubuta a takarda, amma in aka haɗa da gona da zirga-zirgar hanya, kayan jaki biyu ya ɗora wa kansa.

Kada a manta da Yaya na aji uku, mai raba shawara kyauta a gindin bishiya. "Ƙanena, kwas ɗin GSP ai Turanci ne kawai, ko ba ka shiga ba za ka ci." Ba zai gaya maka shekara biyu ke nan yana maimaita shi ba. Kariyoba kuwa sifili take zubawa a makinka, baɗi kuma ta ci gurbi cikin 24 ɗin kafin sababbin kwasa-kwasai su samu wuri.

Can kuma ga wata da ba a jin muryarta. Ta karɓi littafin sashe, ta yi sallama a ofishin kodinetan aji, ta ce, "Malam, a duba mini." Ta cike na dole, ta ƙara na zaɓi ɗaya, ta bar wa kanta lokacin girki da barci. 'Yan layi suka ce tsoro ne ya yi mata yawa. Ni dai da 'yata ce, ba zan ƙara mata ko yunit ɗaya ba.

Ƙannena na Karaye da Rogo, kafin ku danna rajistar nan, ku buga takardar ku kai wa kodineta ya duba.