Kawu da Keke Mai Kiɗa

A Birnin Gwari, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a yi wa ciki biki. Mace za ta yi wata tara tana jan hijabi tana rufewa, kowa a gidan ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba, balle a ce cikin fari ne. Sai ranar da aka ji kukan jariri baki ke buɗewa: barka, barka, an samu kai lafiya? Daga nan kaya ke fara shigowa, har zuwa ranar suna.

Duk wannan gogan naka ya sani, don a garin aka binne cibiyarsa. Malamin firamare ne, kuma ɗan fari a ɗakinsu, saboda haka ba za ku ji sunansa a nan ba. Mahaifiyarsa ma "yaron nan" take ce masa, ga shi har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Waya ce ta ja masa. A Facebook ya ga yadda ake yi a Amurka, yanzu har da wasu gidaje a Legas da Abuja: a tara ƙawaye tun kafin haihuwa, a zaunar da mai ciki a kujera, a kewaye ta da balan-balan, ta yi ta buɗe kwalaye ana tafi. Ya ce lallai wannan shi ne tsari. Ga kuma ƙanwarsa ta dawo gida goyon ciki.

Wata yamma ya shigo tsakar gida, ga Inna, ga kishiyarta, ga maƙwabta biyu suna tsince shinkafa. Ya zazzage leda a kan tabarma, 'yan riguna da 'yan huluna suka watse, ya gyara murya ya ce, "Na baƙon da ke tafe ne."

Ƙanwar ta ja mayafi ta faɗa ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai bayan isha'i. Maƙwabta suka duƙufa a kan shinkafar da suka riga suka gama tsincewa. Inna ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai yaron nan, wane baƙo? Waya ya yi maka ya ce yana hanya? Kwashe tarkacenka ka ba ni wuri."

Ba kunya ce kaɗai a cikin maganar Inna ba. Tsohuwar da ta ga an fita da mai naƙuda cikin dare a kan babur, ta kuma ga waɗanda ba su dawo ba, ba ta ƙirga abin da bai sauka ba. Najeriya na cikin ƙasashen da mata suka fi rasa rai wajen haihuwa a duniya, kuma a nan yankin an yi shekarun da isa asibiti da daddare kansa jarrabawa ne. A ganina shirun nan na tsofaffi ya fi balan-balan hankali.

Allah Ya sauki yarinyar lafiya, aka samu mace. Rigunan da ya saya kuwa duk hoton ƙwallo ne a ƙirjinsu. Gogan naka, wanda yanzu ya zama Kawu, ya ci alwashin wanke kansa. Ya ce kayan barkansa ba a kasuwar garin zai saya ba, sai Kaduna.

Wanda bai san hanyar ba zai ɗauka ƙaramar magana ce, tunda tsakanin Birnin Gwari da Kaduna bai fi kilomita 120 da 'yan kai ba. Amma hanya ce da ta shekara da shekaru ana shigarta da alwala. An yi lokacin da motoci ke jiran rakiyar sojoji kafin su tashi, wasu kuma su zagaya ta Funtuwa da Zariya. A 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, ta hana hawa babur na wani lokaci, ta rufe kasuwannin mako. A watan Maris na 2024 aka kwashe ɗaliban makaranta a Kuriga, a kan wannan hanyar. Sai a watan Nuwamban shekarar, da Gwamna Uba Sani ya zo garin aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, mutane suka fara numfasawa. Mijin maijego a nan cikin gari ya sayi ragon suna, abin da a baya sai ya yi tafiya. Hanya ta yi sauƙi, amma al'adar yin tsit a cikin mota ba ta bar fasinja ba.

A kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya faɗa hannun wani mai shago wanda ya gane baƙon ciniki tun daga bakin ƙofa. "Rankai daɗe, kawu ne ko baba?" Da ya ji kawu ne, sai ya ce ai kawu ba ya kai sabulu, sabulu na mata ne. Kafin la'asar an ɗora masa keken koyon tafiya mai ƙafa shida da faranti a gaba, wanda ke kiɗa yana walƙiya in an taɓa shi. Da fida guda uku. Da wata 'yar na'urar ɗumama madara mai aiki da lantarki. Da takalmi mai tsini wanda tafin hannu zai rufe. Kusan rabin albashinsa ya tafi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024 kuma buhun masara bai san da labarin ba. Mai shago ya saka wa keken sabon batir, kyauta.

Kyautar nan ita ta kusa jawo masa duka.

An cusa kwalin a but ɗin mota, tsakanin buhun fulawa da jarkar man gyaɗa. Har aka wuce Buruku ana hira, ana gardamar farashin taki. Da aka fara shiga inda daji ya rufe hanya hagu da dama, hira ta mutu da kanta. Direba ya kashe rediyo. Wata tsohuwa ta ciro carbi. Ba ka jin komai sai kukan inji da motsin leɓuna. Nan motar ta faɗa wani rami, buhun fulawa ya danne kwali, sai ga kiɗa ya tashi daga baya, tsiririn kiɗan yara mai annashuwa, a ƙarshensa kuma wata murya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Innalillahi!" in ji tsohuwa. Wani ɗan kasuwa a gaba ya riga ya tura wayarsa cikin safa. Direba ya ƙara wuta yana tambaya ba tare da ya waiwaya ba: "Wane ne? Wa ke da wannan abin?"

Gogan naka ya yi shiru yana kallon taga, yana fatan abin zai gaji. Bai gaji ba. Kowane rami da kiɗansa, kuma hanyar ba ta rowar ramuka. A wurin ba a tsayawa, ko da taya ce ta fashe, don haka suka ratsa dajin mota cike da salati da kiɗa a lokaci guda. Sai a shingen sojoji na gaba aka buɗe but. Soja ya sa aka fito da keken, ya danna faranti, abin ya yi masa dariya, shi ma ya yi. Direba bai yi ba. "Malam," ya ce, "don girman Allah cire batirin nan ka riƙe a aljihunka, in ba haka ba kai da shi a Udawa za ku kwana."

Ranar suna da asuba maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, aka shafa fatiha, wanzami ya yi aikinsa, kowa ya kama gabansa. Ainihin shari'ar sai da yamma, a taron mata, kuma alƙaliyar Goggo ce, yayar mahaifinsu. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san wadda ta kawo turmin atamfa a sunan da aka yi shekara goma da suka wuce, da wadda ta kawo rabi ta ce cikakke ne. Biki bashi ne a wurin mata: abin da kika kai shi za a maido miki, don haka ana ɗaga kowane kaya sama a faɗi mai shi.

Aka ɗaga sabulun wanki sanda-sanda, da Omo, da sabulun salo, da man kaɗanya. Aka ɗaga zannuwan goyo da majanyi. Wata ta kawo fulas, aka yi guɗa, don maijego na buƙatar ruwan zafi tsakar dare ba tare da an hura wuta ba. Wata ta kawo gidan sauro, ita ma ta sha addu'a. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara cutar ta fi kashewa. Aka kawo yaji dakakke, da daddawa, da gero na kunu. Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai karya aljihu, kuma duk za a ga amfaninsu kafin arba'in.

Sai aka zo kan kwalin Kawu.

Goggo ta juya na'urar ɗumama madara, ta kama igiyarta ta ɗaga. "Wannan wutsiyar fa?" Aka ce a wuta ake jonawa. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwan fitilar tsakar gida, wanda gizo-gizo ya daɗe da yin gida a jikinsa, ta ajiye. Fida kuwa ungozoma ce ta yanke mata hukunci: a asibiti an ce nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a so a ba jariri, kuma wannan shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa. Takalmi mai tsini ya zagaya hannu ashirin, mata na dariya har da hawaye.

Keken ne ya fi ɗaukar lokaci. Wani yaro ya maido masa da batir, ya yi kiɗa, jaririya ta tsala kuka. Goggo ta sa aka kira mai kaya, ya tsaya daga bakin zaure.

"Ɗan nan, 'yar kwana bakwai ce za ta hau wannan? Ina za ta?"

"Goggo, ai na gaba ne, in ta fara rarrafe."

"To ta fara. Ga murhu, ga rijiya, ga gangaren kwata. Wanne ka zaɓa mata?"

Goggo ba ta san Kanada ba, amma hukuncinsu ɗaya: tun 2004 ƙasar ta haramta sayar da irin wannan keken, saboda yaran da ke gangarowa daga bene ko su kai hannu ga abu mai zafi. Abu guda da ya samu shiga a kayan Kawu shi ne kwalin. Inna ta shimfiɗa zane a ciki ta jera kayan jaririya. Da ya ji haushi, wani abokin aikinsa ya lallashe shi da cewa a ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati ke ba masu haihuwa kwalin kayan jarirai, har ana kwantar da jaririn a ciki. Lallashin bai kama shi ba.

Wanda ya ci gasar bai ma shigo gidan ba. Wani dattijo ne maƙwabci, da ya turo amalanke cike da itace ya sauke a ƙofar gida, ya yi barka ya tafi. Nan mata suka yi guɗar da aka ji har layi na biyu.

Dalilin a fili yake. Maijego na wankan ruwan zafi safe da yamma, da ganyen darbejiya, har kwana arba'in. Ga kunun kanwa, ga ƙauri na ƙafafuwan sa da ake dafawa har ƙashi ya yi laushi. Duk wuta suke ci. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kanwa da tsananin zafi na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma ma'aikatan lafiya na ta roƙon a sassauta. An sassauta a gidaje da yawa, amma ba a daina ɗora tukunya ba. Shi ya sa tanadin da al'ada ta yarda a yi kafin haihuwa shi ne miji ya fara tara itace tun ciki na wata bakwai, ba tare da kowa ya ce na mene ne ba. Mijin wannan yarinya manomi ne da ya baro ƙauyensu, bai samu ya tara ba.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne a ce itace ya zama abin guɗa a Birnin Gwari. Garin na jingine da dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun namun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, cike da doka da kaɗanya da ɗorawa. Amma gandu ba wurin sara ba ne, dazuzzukan da ke kewaye kuma an yi shekaru masu gatari na tsoron shigarsu, har gwamnati ta hana sare itace a yankin a 2021. Itace ya yi tsada a bakin daji, dattijon nan kuwa daga gonarsa ta bayan gari ya saro nasa, bai kashe ko sisi ba.

Washegari aka ga gogan naka yana ciniki da mai amalanke, a kan bashi, sai ƙarshen wata. Na'urar madara tana kan kabad da ledarta. Keken kuma Goggo ta sa an rataye shi a rufin ɗakin ajiya, ta ce tunda biki bashi ne, ba za a ci masa haƙƙi ba: ranar sunan ɗansa na fari za a sauko da shi, da batirinsa, a maido masa. Har yau ko kuɗin gaisuwa bai kai gidan kowa ba.