Madalla da Masu Raba Hanta da Jini

Sannunku da aiki, masu rubuta allunan shaguna da takardun talla na ƙasar Denmak! Abin da kakanninku suka ɗaure tamau kun kwance shi da danna maɓalli ɗaya. Allah ya ƙara basira.

Harshen Danish na da wata tsohuwar ɗabi'a mai gajiyar da mutum. Idan sunaye biyu suka haɗu suka ba da ma'ana guda, a manne ake rubuta su, nauyin murya kuma ya sauka kan na farko. Dyr dabba ce, læge likita ne, dyrlæge kuwa likitan dabbobi. Ku da hikimarku sai kuka buɗe fili a tsakani, kuka rubuta dyr læge. Da yake dyr tana kuma nufin tsada, bawan Allah da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyon duba shanu da aladu ya wayi gari likita mai tsadar kuɗi. Wa ya taɓa samun ƙarin girma a ɓagas haka?

Mahauci ma ya amfana. Jiya lammelår yake sayarwa, cinyar ɗan rago. Yau allon ƙofarsa na cewa lamme lår, shanyayyun cinyoyi. Mai sayar da kekuna da ke alfahari da cewa kayansa tyverisikret ne, wato an tsare su daga ɓarayi, kun gyara masa zuwa tyveri sikret: sata ta tabbata. Rabon da a ga gaskiya irin wannan a kasuwa an daɗe.

Yaron Odense da bai fara makaranta ba yana rarrabewa da kunnensa. A manne, kalmar farko ce ke ɗaukar kaya. A rabe, kowace kalma da nata nauyin. Amma ina ruwanku da kunne? Turanci na rubuta nasa a warwatse, kuma duk abin da Turanci ya yi ai shi ne wayewa.

Har da 'yan ƙananan haruffan da ke ɗinke kalmomi ba ku ɗauke su a bakin komai ba. Landmand manomi ne, landsmand ɗan ƙasarku ne, s ɗaya tak ke tsakaninsu. Wane babban mutum ne zai tsaya wa harafi ɗaya?

Hukumar harshe ta Dansk Sprognævn, da aka kafa a 1955, tana can garin Bogense tana fama da ƙamusun ka'idar rubutu, Retskrivningsordbogen. A ƙyale ta da wahalarta. Ku ne ke da titi, ku ne ke da tagar shago, daga allunanku yara ke koyon karatu kafin malami ya buɗe baki.

Ku ci gaba, kada ku gaji. Ranar da ɗan Denmak ya karanta harshensa sai ya nemi mai yi masa bayani, kowa ya san ƙofar da za a je a yi godiya.