Ronaldo ya shigo Magarya da bindiga

A ƙarshen 2020 kamfanin Garena ya ɗauko Cristiano Ronaldo ya yi masa tallan Free Fire, wasan salula da ake zuba mutum 50 a tsibiri su yi ta harbin juna har a bar ɗaya. Yau a rumfunan cajin waya, daga Magarya har Dungas, yaron da aka aika sayen magi sai ya "kashe" mutum goma kafin ya tuna miya na jira. Dattawa sun ce ana koya wa yara mugunta. Da gaskiyarsu, ko da yake su ne kan gaba wajen ihu in ɗan dambe ya zubar da haƙori. Iyaye, ku riƙa leƙa wayar nan, tunda ku ke biyan kuɗin caji.