Batir Ne, Ɗana

Rigata ba ta daina warin hayaƙin janareta ba tukuna, don haka bari in rubuta kafin zuciya ta huce in fara yi wa labarin kwaskwarima.

Bikin abokina ne, shekaranjiya da dare, a wani fili da ke Tudun Gwandara. DJ ɗin da aka ɗauka ya maƙale a hanyar Akwanga. Ni kuma ina da kwamfuta, ina da manhajar haɗa waƙoƙi, ina da bakin cewa na iya. Aka ja mini kujera.

Biki a Lafia ba kiɗa ɗaya yake ci ba. Dangin uwar amarya Eggon ne, maƙwabta Alago da Tibi, ƙawaye ɗaliban jami'ar tarayya, dangin ango Barebarin cikin gari, kowa da waƙar da ya zo da ita a baki. Na lallaba. Ado Gwanja ga iyaye mata, Hamisu Breaker ga masu soyayya, daga nan na gangara da su amapiano, kiɗan Afirka ta Kudu, bugu 113 a minti. Fili ya cika, liƙi ya kankama, kaina ya fara kumbura.

Sai baffan ango ya aiko yaro: a sa masa Shata, Bakandamiya, zai fito.

Manhajojin nan, su Virtual DJ da Serato, dabararsu ɗaya ce. Su ƙirga bugun waƙa a minti, su ja mata layuka, kana danna maɓallin daidaitawa su janyo wannan ta bi gudun waccan. In tazarar ba ta wuce kashi biyar ko shida cikin ɗari ba, mai rawa ba ya ma lura. A gaban Shata na ga an rubuta 78. Daga 78 zuwa 113, an kusa ƙara masa rabin gudunsa ke nan. Akwai wani makulli mai riƙe murya a inda take ko da an ƙara sauri. Nawa a buɗe yake. Wanda ya san aiki da sai ya kashe kiɗa, ya bar MC ya yi ta surutunsa, ya sako Shata daga farko da mutuncinsa. Ni na danna.

Baffa ya riga ya iso tsakiyar fili. Ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya zaro bandir ɗin sababbin kuɗi, ya ɗaga ɗari biyar ta farko sama da goshin ango. A daidai nan Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, ya buɗe baki ta sifikoki huɗu, murya siririya tana tsala gudu kamar ɗan tsakon da aka taka. A cikin Bakandamiya fa, waƙar da yake yi wa kansa kirari! 'Yan amshi suka shigo, su nasu ma bai kai magana ba, tsuwa ce zalla. Kalangu kuwa hannun mutum ne ya buga shi, hannu yakan zabura yakan lafa, layukan kwamfuta ba ruwansu da wannan. Gangar amapiano ta nufi Makurɗi, kalangu ya nufi Shendam.

Hannun baffa bai sauko ba. Shi ne abin da nake ta gani. Ɗari biyar tana lilo tsakanin yatsu biyu, ango ya sunkuyar da goshi yana jira, baffa ya juya a hankali, ba ni ya kalla ba, sifika ya kalla, kallon wanda aka zagi tsohon amininsa a bainar jama'a. Amarya ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na kama sandar gudu na ja ƙasa da ƙarfi. Waƙoƙin a ɗaure suke, tare suka faɗo. Shata ya wuce ainihin muryarsa ko tsayawa su gaisa bai yi ba, ya zarce can ƙasa yana gurnani, 'yan matan jami'a suka tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Wani dattijo ne, goro a kunci.

"Ɗana, batir ne."

"Baba, ai ba irin wannan batirin take..."

"Na sayar da kaset a kasuwar garin nan tun Nasarawa tana cikin Filato. In murya ta ja, batir ya yi sanyi. In ta yi sauri, sabo ne yake rawar kai. Taka ta yi duka biyun, ke nan ɗaya sabo ɗaya tsoho. Wa ya koya maka gauraya batir?"

Wallahi a lokacin hujjarsa ta fi tawa tsari.

"Kana da biro?"

"Baba, babu kaset a ciki."

"To ina Shatan yake zaune?"

Ban da amsa. Ya ce in buɗe in hura. Ya ce in samo turare in goge mata kai. Mai janareta ya jiyo ana zancen wuta, ya ruga ya rage, fitilu suka yi ja. Wata gwaggo ta ce ita ta sani, Shata bai taɓa yarda a yi masa kishiya ba.

Yaron da dattijon ya aika ya dawo a guje da batir Tiger guda huɗu. Baba ya karɓa, ya ɗaga kwamfutar ya kifa ta yana laluben murfi. Waya ta fita. Kiɗa ya ɗauke ɗif.

"Ka gani ko? Ya ƙare gaba ɗaya," in ji shi. "Ba yaro kuɗinsa."