Wayar da Ba ta San Daddawa Ba

Tun da aka fara karanta zanen nan na baƙaƙen layuka da ake buga wa kayan sayarwa a jikin fakitin cingam a garin Troy, cikin jihar Ohio ta Amurka, a shekarar 1974, al'amarin bai gushe ba yana yaɗuwa, har ya zamana yau samarin Boɗinga da Shagari suna ɗora waya a kan gwangwanin madara, ita kuwa ta faɗi sunansa, alhali sunan yana rubuce ɓaro-ɓaro a gabansa. Idan lambar da ke ƙarƙashin zanen ta fara da 615, sai yaro ya yi shelar cewa a Nijeriya aka yi wa kayan rajista, ya dubi dattawa kamar wanda ya warware mas'alar gado.

Sai dai ilimin wannan na'ura yana tuƙewa ne a ƙofar ɗakin uwargida, domin randa da ƙwarya da daddawa da kuka, balle geron da ke rumbu, babu wanda masana'anta ta buga wa hatimi, saboda haka waya takan ce ba ta san su ba. Uwargida kuwa, wadda ba ta nemi fatawar kowa ba, tuntuni ta ɗiga jan farce a gindin kowane kwanonta, ta yadda ko ya kwana bakwai a gidan biki a Sifawa, za ta zaro shi daga tsibin kwanuka, ta kuma faɗi sunan wadda ta ara ta yi shiru.