Mai Gadin da Ya Kori Maigida

A unguwar Zariya ta Maraɗi, duk wanda ya san inda alamar @ take ɓuya a kan allon AZERTY, injiniya ake ce masa. Ta wannan hanyar na hau sarauta. Shi ya sa da ƙungiyar manoman rani ta su kawuna a Jiratawa ta buƙaci fom na intanet don rajistar masu son taki, ni aka ɗora wa aikin.

Na zauna na ƙera wa fom ɗin mai gadi, na kwafo masa dokokin Gmail kaf: sunan adireshi kada ya gaza harafi 6, kada ya wuce 30, ban da layin ƙasa, ban da ɗigo biyu a jere. Don a san ni ma ba baya ba ne, na ƙara tawa dokar: adireshi sai ya ƙare da .com ko .net.

Wanda mai gadin ya fara kora shi ne kawu da kansa, shugaban ƙungiya. Adireshinsa na Yahoo ne, ita kuwa ba ta hana layin ƙasa. Na biyu wani malamin gona ne daga Tibiri, adireshin ofishinsa ya ƙare da .ne, alamar ƙasarmu Nijar. Fom ɗina ya rubuta masa da jan rubutu cewa ya manta harafin "t".

Masu gaskiya suna waje, sai ga ƙanena a ciki har sau uku. Ita Gmail ba ta lissafa ɗigo a cikin suna: ka sa, ka cire, ka matsar, duk saƙo akwati ɗaya yake faɗawa. Yaron ya yi ta yawo da ɗigo, mai gadina yana ta yi masa maraba da sabon manomi, alhali ko hauya ba shi da ita.

Kawu ya kira ni gindin bedi, ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗan nan, in ina son sanin ko mutum yana gida, ba ƙofarsa nake aunawa ba. Sallama nake yi."

Yanzu fom ɗin lamba yake aika wa mutum, wanda ya dawo da ita an yarda adireshinsa ne. Ɗigon Gmail kuma ana share shi kafin ƙirge. A taron da ya biyo baya, ƙanen nawa aka naɗa mai kula da rajista. Ni kuwa aka ba ni shimfiɗa tabarmi.