Ranar Da Na Taya Tsohuwar Mota A Ohayo

Masu hikima na ƙasarmu sun daɗe da ittifaƙi a kan cewa sanin kuɗin kaya ilmi ne mai zaman kansa, ba a samunsa sai da bin dillalai da daɗewa cikin kasuwa. Ni kuwa, da yake kakana na wajen uwa ya yi dillancin dawaki, kuma na karanta babin ciniki a cikin Risala tun kafin gemuna ya tsiro, ban taɓa shakkar cewa na haɗa gado da karatu a wannan fanni ba, har zuwa lokacin da zama ya kai ni jihar Ohayo ta ƙasar Amurka, inda Allah ya jarrabe ni da sha'awar wata irin mota wadda mutanen can ke wa laƙabi da mai ƙwanji.

Asalin waɗannan motoci kuwa, a samfurin shekarar 1964 ne wasu injiniyoyin Pontiac, cikinsu har da John DeLorean, suka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas suka cusa shi cikin matsakaiciyar motarsu, suka sa mata suna GTO, samari suka yi caa a kanta, sauran kamfanoni su ma suka bi sahu da irin su Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Road Runner. Ba a jima ba kuɗin inshora ya hau, dokokin hayaƙi suka tsananta, sannan takunkumin man fetur na 1973 ya zo ya ƙarasa su, aka tura da yawansu cikin rumbuna da bayan gida aka lulluɓe da tamfol. Yaran da suka yi ta haɗiyar yawu a kansu a wancan zamani su ne suka zama dattawa masu kuɗi a wannan, shi ya sa idan watan Janairu ya kama za ka ga a talabijin ana gwanjonsu a Arizona, ana kiran kuɗin da zai gina gida. Cikin kallon wannan gwanjo ne Shaiɗan ya raɗa mini cewa mai hankali ba ya sayen gyararriya, sai dai ya nemi wadda ta kwanta ya tashe ta da kansa.

Sai na ci karo da tallar wata GTO ta 1967 a wani ƙauye, mai ita yana neman dala 14,000, ya rubuta cewa lafiya lau take tashi a ranar da ya ajiye ta, ya kuma ƙara da gargaɗin cewa kada masu tayin raini su wahalar da kansu, domin ya san abin da ke hannunsa. Kafin in tashi sai da na zauna na tsara ƙa'ida, wadda har gobe ina nan a kan ingancinta: a duba abin da gyararriyar irin motar ke yi a kasuwa, a cire kuɗin da gyara zai ci, abin da ya saura shi ne hakkin mai kaya, ba ƙari ba ragi. Wasu masu littattafan ƙimar tsofaffin motoci sun kasa su daraja huɗu, daga ta ɗaya wadda ta fi ranar da ta fito masana'anta kyau, zuwa ta huɗu wadda ke tafiya da aibobinta. Mota kuwa wadda ba ta motsi ba ta cikin lissafinsu, don haka dole mutum ya yi ijtihadi. Na ƙiyasta gyararriya tsaka-tsaki a dala 45,000, na sa alƙalami da takarda a aljihu, da ɗan maganaɗisu da na ciro daga jikin firijin uwargida, na ɗauki wani aminina bakanike, mutumin zangon Kumasi, wanda tun a hanya yake ta cewa, "Malam, mu dai kallo za mu yi, ko?"

Muka tarar da mai motar, dattijo, fari tas, dogo, cikin wandon aikin gona, ya karɓe mu da fara'a, ya ja mu rumbun, ya yaye tamfol da irin ladabin da ake buɗe fuskar amarya. Wallahi a duhun nan ta yi kyau: doguwa, ja, fitilunta na gaba biyu-biyu ɗaya bisa ɗaya, ga haruffan nan uku suna ƙyalli a hancinta. Na tambaye shi yaushe ne wannan rana da ya ajiye ta tana tashi lafiya, ya ce ai kwanan nan ne, 1989.

Na fara da maganaɗisu, domin duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san cewa hukuma na zuba gishiri a kan tituna lokacin dusar ƙanƙara, gishirin kuwa ba ya barin ƙarfe da rai, masu gyaran bodi marasa tsoron Allah kuma sukan cike ramukan tsatsa da foti su shafe da fenti, maganaɗisu kuma ba ya kama foti. Na manna shi a ƙofa, ya kama. Na manna shi a bayan tayar baya, ya faɗi ƙasa. Na sunkuya na ɗauka na matsa gaba kaɗan, ya sake faɗuwa, na yi ta sunkuyo ina tashi har dattijon ya tambayi aminina a asirce ko wata ibada ce ta ƙasarmu. Na juyo na yi masa bayani, cikin Turancina na malamai, cewa malaman fiƙihu sun yi magana a kan akuyar da ake ɗaure wa hantsa kwana biyu don mai saye ya zaci mai nono ce, kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da ita. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi bai taɓa kiwon awaki ba, amma maƙwabcinsa na da su idan ina so.

Daga nan na nemi izinin shiga ciki, domin in ji yadda sitiyari ke zama a hannu. Na zauna a kan abin da ya saura na kujera, wari na ɓeraye ya bugi hancina, na miƙa ƙafar dama ina neman totur, sai na ji ƙafar ta zarce, ta ratsa kafet da ƙasan motar gaba ɗaya, har tafin takalmina ya taɓa turɓayar rumbun. Aminina ya leƙa ta ƙarƙashi da tocila ya ce, cikin harshenmu, "Malam, ga ƙafarka nan ina gani, kuma shasin ma kamar ƙuli-ƙuli yake." Dattijon ya ce wannan ba komai ba ne, ana sayar da sabon faranti na ƙasa, walda ce kawai ta yini guda. Da ƙyar aka zaro ni, takalmin kuwa sai ta ƙasa aka miƙo mini shi. Aka buɗe but, aka tarar da ana hangen ƙasa ta nan ma. Aka buɗe bonet, aminina ya sa babbar sifana ya nemi juya injin, ya dage har jijiyoyin wuyansa suka tashi, injin ya cije ko gezau, wani ɓera kuma ya fito daga wajen kabireto ya dube mu da idon mai gida da aka shigar wa ba sallama.

Duk wannan bai karya mini gwiwa ba, domin a ƙa'idata kowane aibi kuɗi ne da za a cire, ina ta rubutawa: walda da fenti 20,000, inji da giya 8,000, kujeru da wayoyi da birki da sauran tarkace 6,000, jimla 34,000, saura 11,000. Abin da ya rage shi ne tabbatar da nasaba, wadda ita ce ginshiƙin al'amarin duka. Dalili kuwa, GTO da 'yar'uwarta LeMans jikinsu kusan ɗaya ne, kuma ba abin da ya fi sauƙi kamar a sayo haruffa uku da bonet a liƙa wa ƙaramar ta koma babbar; amma lambar shasi ba ta ƙarya, ta GTO daga 1966 zuwa 1971 tana farawa da 242, ta LeMans kuwa da 237, kuma a motar 1967 tana kan ɗan faranti a ginshiƙin ƙofar direba. Na durƙusa na kai fuskata dab da ginshiƙin, ban sani ba ashe rina sun riga ni kafa gida a wurin, ɗaya ta tashi ta harbe ni a fatar idon hagu, na ƙwala salati da ƙarfin da ya sa karen gidan ya kama haushi.

Da idon da ya saura na karanta lambar, na ga 237 ƙuru-ƙuru. Dattijon ya ce ba ya jin ya dace a karɓi shaidar mai ido ɗaya, na ce masa a mazhabarmu ana karɓa. Aminina ya karanta da nasa biyu, shi ma 237. Na shaida wa dattijon cewa akwai wani ofishi a Mishigan, Pontiac Historic Services, mai riƙe da takardun masana'anta, idan aka aika musu da lambar da ɗan kuɗi za su aiko da bayanin yadda motar ta fito. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai a matsayin GTO ya saye ta hannun wani abokin aikinsa, a cikinta ya ɗauko matarsa daga coci, kuma a cikinta ya kai ta asibiti haihuwar fari, idanunsa suka ciko. Na tausaya masa ƙwarai, amma na duba takardata ban ga layin da za a rubuta wannan ba.

Na sake lissafi a tsaye. Gyararriyar LeMans, a ƙiyasina, ba za ta wuce 25,000 ba, gyara kuwa bai san nasaba ba, yana nan a 34,000 ɗinsa, domin mai walda ba ya rage kuɗi don mota ba 'yar gidan sarauta ba ce. Na cire wannan daga wancan, na maimaita don gudun zalunci, amsa ta fito ɗaya: farashin adalci shi ne dattijon ya ba ni motar, ya haɗa mini da dala 9,000. Aminina ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Malam, don girman Allah kada ka faɗa masa, mutanen ƙauyen nan kowa da bindigarsa." Na ga hujjarsa tana da ƙarfi, na ninke takardar.

To, a tarbiyyar da aka yi mana, abin kunya ne ka sa mutum ya buɗe maka kayansa, ka ɓata masa wuni, har ka huda masa mota da ƙafa, sannan ka juya ba ka ko taya ba. Akan yi ɗan tayi na mutunci, mai kaya ya ce albarka, a yi musafaha a rabu ba wanda ya ji kunya. Saboda haka na gyara tsayuwa, ido a kumbure, na ce na saya dala 3,000, ina jiran ya murtuke fuska ya nuna mana hanya kamar yadda tallarsa ta yi alkawari. Ya kuwa murtuke, ya buɗe baki zai yi magana, sai wata murya ta taso daga barandar gida, muryar tsohuwar da aka ɗauko daga coci, wadda ashe tun zuwanmu take zaune tana saurare, ta ce an sayar. Kafin mijinta ya rufe bakin da ya buɗe, ta iso da takardar mallaka da biro a hannu, kai ka ce tun 1989 take riƙe da su, ta kuma rubuta a takardar ciniki cewa an sayar da mota yadda take, da abin da ya bayyana da abin da ya ɓuya, wato dai ta toshe ƙofar mayarwa saboda aibi tun ban ƙwanƙwasa ba. Jikan dillali ba ya janye tayi bayan an sallama. Na sa hannu, ta ba ni ƙanƙara a tsumma in ɗora a ido, ta kuma ba mu kek.

Mai janwe ya caji nasa, kuma da aka ja motar kan tirela wani yanki na salansa ya zaɓi ya zauna a Ohayo ta ƙauye. Mai gidan da nake haya ya ce yarjejeniyarmu ta hana ajiye motar da ba ta motsi, don haka ta koma bayan garejin aminina, wanda daga baya ya goge jikin injin ya gano cewa shi ma ba nata ba ne, na wata motar iyali ce da aka ƙera shekaru bayanta. Uwargida ba ta ce komai ba sai tambayar inda maganaɗisunta yake, amma kowane ƙarshen wata takan ajiye mini rasiɗin kuɗin fili kusa da kwanon tuwo.

Kwanan baya na sa talla, na rubuta gaskiya gwargwadon iko, wato mota ce mai tarihi wadda ke jiran mai himma. Wani saurayi ya bugo waya da magariba, ya tambayi lambar shasi tun kafin mu gama gaisawa, abin da na ɗauka rashin tarbiyya ne, sannan ya ce zai ba da 1,500 saboda gilasai da ƙofofi. Na tashi a hankali na rufe ƙofar kicin don kada zancen ya kai kunnen uwargida, na dawo na ce masa albarka, na fassara masa da Turanci, na gyara zama ina jiran ya ƙara. Ya ce ya gode da addu'a, ya kashe waya.